Jiragen Kayan Japan: Na Kan Dogo da Na Kan Tebur

A arewa maso gabashin birnin Tokiyo akwai wata unguwa da ake kira Minami-Senju, wadda ba ta cikin wuraren da aka saba kai baƙi yawon buɗe ido. Unguwar talakawa ce tun asali, a nan ne ma mahukuntan zamanin da suke zartar da hukuncin kisa a kan masu laifi. Daf da tashar fasinja akwai wata gadar ƙafa, wadda idan mutum ya hau ta zai hangi wani makeken fili cike da layukan dogo, sun rarrabu kamar jijiyoyin ganye. Wannan ita ce tashar kaya ta Sumidagawa. An kafa ta a ƙarshen ƙarni na 19 domin sauke kwal ɗin da ake haƙowa daga yankin Joban, yau kuwa ita ce ƙofar Tokiyo ta arewa, daga nan ne jiragen kaya suke tashi zuwa Niigata da Tohoku har tsibirin Hokkaido.

Abin da zai ba baƙo mamaki ba jiragen ba ne, mutanen da ke kan gadar ne. Akan ga magidanta da kyamarori, da tsofaffin da suka yi ritaya, da uba ɗauke da ɗansa a wuya, kowa ya zuba ido yana jiran fitowar wani jirgi wanda ba shi da kaya a cikinsa, ba kuma za a taɓa sayar masa da tikitin shigarsa ba. Waɗansunsu suna riƙe da wani littafi mai kauri, watau jadawalin jiragen kaya da ake bugawa kowace shekara. An yi shi ne domin 'yan kasuwa da masu aika kaya, amma 'yan kallo sun zama manyan masu sayensa. Su suna da labarin kan jirgin da zai ja taragai da ƙarfe kaza, da garin da ya fito, har da wurin da zai kwana.

Da yawa daga cikin waɗannan mutane in sun sauka daga gadar ba gida suke nufa ba. Sukan shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Hibiya, tasha biyar kacal sai Akihabara, su je su sayi abin da suka gani da idonsu, amma an ƙanƙanta shi har ya zauna a tafin hannu.

Akihabara ta yi suna a duniya da kayan lantarki da wasannin kwamfuta, sai dai ba kowa ya san cewa tasharta ta fara ne a matsayin tashar kaya zalla a cikin shekarar 1890 ba. Sai a 1975 aka daina sauke kaya a wurin. To, jiragen kayan da aka kora daga ƙasa sun koma saman bene. A hawa na uku ko na biyar na dogayen gine-ginen unguwar akwai kantuna irin su Popondetta da TamTam da IMON, inda bango duka kabad ne na gilashi, a ciki kuwa 'yan jiragen kwaikwayo ne jere reras. Ɓangaren jiragen fasinja, musamman Shinkansen mai gudun tsiya, shi ne yara suke rugawa. Ɓangaren jiragen kaya ya fi shiru, masu tsayawa a gabansa kuwa sun fi daɗewa.

Ma'aunin da ya fi karɓuwa a Japan shi ne wanda ake kira N, wanda faɗin dogonsa milimita 9 ne. Wani kamfani mai suna Sekisui Kinzoku, wanda aka fi sani da Kato, shi ya fara fito da shi kasuwar ƙasar a 1965 da kan jirgi mai aiki da kwal samfurin C50. A 1976 kamfanin kayan wasa na Tomy ya shigo da nasa mai suna Tomix, har yau kuwa su biyun ne manyan kasuwar. Dalilin karɓuwar wannan ma'auni ba ɓoyayye ba ne: gidajen Japan ƙanana ne, ɗaki ma da yawan tabarmin da zai ci ake auna shi.

A nan akwai wani abu da zai yi wa mai karatu daɗin ji. Faɗin dogon da jiragen kayan Japan suke bi milimita 1,067 ne, watau ƙafa uku da inci shida, daidai wa daida da tsohon dogon ƙasar nan wanda ya iso Kano a 1911. Injiniyoyin Ingila ne suka shimfiɗa wa Japan layinta na farko daga Shimbashi zuwa Yokohama a 1872, suka bar mata wannan siririn ma'auni. Shinkansen kuwa an yi masa faffaɗan dogo mai milimita 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Wannan siranta ta jefa maƙeran 'yan jirage cikin tsaka mai wuya. Sun ƙanƙanta jikin jirgi sau 150, wanda bisa lissafi ya kamata dogonsa ya zama milimita 7 da ɗan ɗoriya, amma suka ɗora shi a kan na milimita 9 da duniya ta riga ta saba da shi. Saboda haka duk ɗan jirgin kayan Japan da ke kan tebur ƙafafunsa sun ɗan buɗe fiye da na gaske. Masu tsananin bin ƙa'ida sun shafe shekaru suna gardama a kan wannan milimita biyu, sauran jama'a kuwa sun kau da kai sun ci gaba da sayayya.

Ƙanƙantar ba ta raba mai tara jiragen kaya da matsalar wuri ba. Taragon kwantena na yanzu, wanda ake kira Koki, tsawonsa ya ɗan haura mita 20, a kan tebur kuwa bai kai santimita 14 ba. Yakan ɗauki kwantena biyar masu tsawon ƙafa 12, kowace tana cin tan biyar na kaya, kwaikwayonta kuwa bai fi gaɓar yatsa ba. Jirgi mafi tsawo da ke bin layin Tokaido yana jan tarago 26, watau tan 650 na kaya, lodin manyan motoci 65 ke nan. Wanda ya ce sai ya haɗa wannan jirgi cif a gidansa, yana bukatar kwantena 130 da fili miƙaƙƙe wanda ya haura mita uku da rabi, alhali kuwa ɗaki mai tabarma shida iyakar tsawonsa ke nan. Shi ya sa waɗansu kantunan suka gina manyan teburori masu duwatsu da gadoji da tashoshi suna bayar da hayarsu awa awa. Mutum yakan zo da jakarsa, ya fito da akwatuna masu siffar littafi waɗanda aka shimfiɗa wa soso a ciki, ya jera taragansa ɗaya bayan ɗaya har rabin lokacin da ya biya ya wuce, sa'an nan ya murɗa makunni ya zauna yana kallo.

Su kansu kwantenonin wata duniya ce. Na tsohuwar hukumar jiragen ƙasa kore ne mai haske, na farkon kamfanin da ya gaje ta shuɗi ne, na yanzu kuwa ja ne mai sirkin shunayya. Ban da su akwai na kamfanonin sufuri masu zaman kansu, da masu sanyi na kifi da kayan lambu, da masu siffar tanki na sinadarai. Akwai ma wani ɗan kamfani mai suna Hogarakado wanda ya yi suna da ƙera waɗannan 'yan akwatuna. Gwani ba ya cika taragansa duka, yakan bar gurbi nan da can, domin jirgin gaske ba kullum yake tafiya a cike ba. Yakan kuma sa hantsaki ya manna lambobi waɗanda sai da gilashin ƙara girma ake karanta su, ya shafa wa sabon tarago fenti mai launin tsatsa da ƙurar birki har ya koma kamar ya shekara ashirin yana aiki. Kamfanonin kuwa ba sa ƙera kowane samfuri kullum. Sukan yi rukuni guda su tsaya, wanda bai yi odar sa da wuri ba sai ya jira shekaru, ko ya bi kantunan kayan hannu yana cigiya.

Duk wannan ana iya ɗaukarsa wasan manya waɗanda suka rasa abin yi da kuɗi. Amma wanda ya tsaya ya dubi kabad ɗin da kyau zai ga cewa rabin abin da ke cikinsa babu shi a kan dogo yau. Ga baƙaƙen taragai masu ƙafa huɗu, ga na kwal, ga na dabbobi, ga fararen taragan kifi, ga ɗan taragon gadi da akan maƙala a wutsiyar jirgi da jar fitilarsa. Dattawan da suka ga zamanin da jirgi yake barin Kano da gyaɗa da auduga da fatu da shanu, kowane tarago da irin kayansa, za su gane wannan jirgi nan take. Irin sa ne Japan ta yanke wa hukunci rana ɗaya.

A da, tarago ɗaya yakan tashi daga ƙaramar tashar ƙauye, a kai shi wani babban filin rarraba taragai, a kwance shi a sake ɗaura shi a wani jirgin, haka haka har ya isa inda za shi bayan kwanaki, mai kaya kuwa bai san ranar isarsa ba. Da aka shimfiɗa manyan tituna, sai motoci suka kwashe kasuwar. Hukumar jiragen ƙasa ta yi ƙoƙarin gyara, har ta buɗe filin Musashino a 1974, wanda kwamfuta ke sarrafa shi, abin alfahari a lokacin. Shekara goma kawai ya yi yana aiki. A watan Fabrairu na 1984 aka soke tsarin rarrabawar baki ɗaya, aka rufe ɗaruruwan tashoshin kaya, aka ce daga yau jirgi zai tashi daga babbar tasha ne ya zarce wata babbar tasha. Inda filin Musashino yake, yanzu manyan kantuna ne da gidaje.

Haka abin yake a Shiodome, a tsakiyar Tokiyo. Nan ne ainihin tsohuwar tashar Shimbashi inda jirgin farko ya tashi, nan ne kuma jirgin kwantena na farko mai suna Takara ya kama hanyar Osaka a watan Nuwamba na 1959. An rufe tashar a 1986. Baƙon da ya je yau zai tarar da dogayen benaye na gilashi, da ofisoshin talabijin da na talla, da wani gini da aka sake yi bisa siffar tashar farko domin tunawa. Ba zai ji ƙarar haɗuwar taragai ba. Wanda yake son ganin yadda jirgin kaya yake a 1970, da taragai arba'in kowane da kamarsa, to ko dai ya nemi tsohon hoto, ko ya tafi gidan kayan tarihin jiragen ƙasa da ke Omiya, wanda aka buɗe a 2007, inda aka ajiye kan jirgi samfurin EF66 da taragon kifi da na kwantena, suna tsaye cik. In kuwa tafiyarsa yake son gani, sai a kan teburin wani.

A watan Afrilu na 1987 aka rusa hukumar, bayan bashin da ke kanta ya kai wajen yen tiriliyan 37. Aka raba ta kamfanonin fasinja shida, kowane da yankinsa, da kamfanin kaya guda ɗaya na ƙasa duka, watau JR Freight. Sai dai an ba kamfanonin fasinja dogon, shi kuwa na kaya aka bar shi ɗan haya. Yana biyan kuɗi ya bi layin wasu, a lokacin da masu layin suka ga dama, shi ya sa yawancin jiragensa tafiyar dare suke yi. Jirginsa mafi sauri, wanda ya fara aiki a 2004 kuma kamfanin aika saƙo na Sagawa ya yi shatarsa gaba ɗaya, yana gudun kilomita 130 a awa, yana haɗa Tokiyo da Osaka cikin kimanin awa shida, amma yakan tashi ne wajen tsakar dare ya isa da asuba. Miliyoyin mutanen da yake ratsa garuruwansu ba su taɓa ganinsa ba. Masu kwaikwayonsa a gida sun fi su sanin kamanninsa.

Kamfanin ya gane amfanin waɗannan masoya, har ya raɗa wa kawunan jiragensa sunaye. Shuɗin EF210 shi ne Momotaro, yaron da tatsuniya ta ce ya fito daga cikin ɗan itace, an kuwa zaɓi sunan ne domin a Okayama aka fara ajiye shi, garin da ke tinƙaho da tatsuniyar. Jan EH500 mai jiki biyu shi ne Kintaro, an zana yaron ƙarfin nan da gatarinsa a gefen jirgin. Wanda yake son ganin su duka a wuri ɗaya sai ya tafi unguwar Ochiai a gundumar Shinjuku, inda Kato yake da babban ɗakin nuni. Ba a ɓata, domin wani tsohon jan taragon fasinja na gaske yana ajiye a ƙofar.

Sunaye da fenti ba su canza lissafi ba. Idan an auna nauyi tare da nisa, abin da jirgin ƙasa yake ɗauka na kayan cikin gida a Japan bai wuce kimanin kashi 5 cikin 100 ba, sauran na motoci ne da jiragen ruwa. Kamfanin bai kuma tsira daga abin kunya ba: a watan Satumba na 2024 ya amsa cewa an yi aringizon alƙaluma wajen haɗa ƙafafun taragai a ma'aikatunsa, har aka tsayar da jiragen kaya duka na ɗan lokaci domin bincike. Wannan kuwa ya faru ne a shekarar da aka fi bukatarsa, domin tun watan Afrilu doka ta ƙayyade wa direbobin manyan motoci ƙarin aikin da bai wuce awa 960 a shekara ba, ga direbobin suna tsufa, matasa ba sa shiga sana'ar.

Akwai wani jirgi da masu tarawa suke haɗawa da wata irin girmamawa, asalinsa kuwa yana Negishi, kudu da Yokohama. Tashar fasinja ce ƙarama a gefen matatar mai, wanda ya tsaya a dandamalinta zai ga taragan mai samfurin Taki 1000, kore da toka-toka, jere a gabansa kamar ya miƙa hannu ya taɓa. Ranar 11 ga Maris, 2011, girgizar ƙasa da ambaliyar teku suka ragargaza gabar Tohoku. Matatar Sendai ta kama wuta, layin dogon da ya miƙe arewa ya yanke, ga sanyi, ga mutane a sansanoni babu kananzir, motocin agaji babu mai. Mako guda bayan haka jirgin mai ya tashi daga Negishi, ya zagaya ta gabar yamma, ta Niigata da Akita da Aomori, ya gangaro Morioka, tafiyar da ta haura kilomita dubu.

Kai mai Koriyama ya fi wuya. Hanyar da ta rage ita ce layin Ban'etsu ta Yamma, mai hawa da gangara a cikin duwatsu, wanda wani sashensa babu wayar lantarki, an kuma daɗe da daina bin sa da kaya. Sai aka tattaro tsofaffin kawunan jirage masu aiki da dizal samfurin DD51 daga sassa daban daban na ƙasar, waɗansu ma ana shirin yanka su a sayar da ƙarfen. Aka haɗa biyu biyu. Jirgin farko ya maƙale a kan hawa cikin dusar ƙanƙara, ƙafafunsa suna juyawa a wuri ɗaya, sai da wani kan jirgin ya zo ya tura shi ta baya sa'an nan ya haye. Kamfanin ya sallami DD51 daga aiki a 2021. Wanda ya jera jajayen kawuna biyu da taragan mai goma a tebur, ya san jirgin da yake nufi, duk wanda ya gani a cikin 'yan'uwansa masu tarawa shi ma ya sani.

Mai son ya ga jirgin da watakila nan gaba zai koma kabad, sai ya yi nisa zuwa Hokkaido. Tsibirin shi ne rumbun Japan, yana noma fiye da rabin albasar ƙasar, ga dankali da madara, kuma kaso mai yawa na wannan amfani ta jirgi yake ratsa hanyar ƙarƙashin teku ta Seikan, mai tsawon kusan kilomita 54, wadda aka buɗe a 1988. Tun 2016 jiragen kaya suke raba wannan hanya da Shinkansen, an ƙara dogo na uku domin kowa ya sami faɗinsa, mai gudu kuwa dole ya rage gudu saboda mai kaya. Idan Shinkansen ya isa Sapporo, kamfanin fasinja na tsibirin zai saki tsohon layin da ke tsakanin Hakodate da Oshamambe, wanda shi ne maƙogwaron da jiragen kayan Hokkaido suke bi. Ɗan haya kuwa ba shi da ta cewa in mai gida ya tashi.

Can gabashin tsibirin, a garin Kitami, akwai jirgin da jama'a suke kira jirgin albasa. Yana aiki ne daga watan Agusta zuwa Afrilu, lokacin da ake fitar da amfanin gona. Taragai 11 ne, da kan jirgi ɗaya a gaba ɗaya a baya, domin hawan Jomon yana da tsauri, a tashar Engaru kuma dole jirgi ya juya ya koma da baya. A da sau uku yake zuwa a rana, aka rage ya koma sau ɗaya, manoma da hukumomin yankin har kwantena suka saya da kuɗinsu domin kada a soke shi. A watan Nuwamba na 2016 kamfanin fasinja na Hokkaido ya sa layin Sekihoku, wanda jirgin yake bi, cikin jerin layukan da ya ce ba zai iya riƙewa shi kaɗai ba. Da damina ta wuce akan ga masu kyamara a bakin hawan, cikin sanyin da ke tsaga fata, suna ƙirga kwantena 55 ɗaya bayan ɗaya, suna rubuta launin kowace da gurbin da take zaune.